Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Da Ke Auna Ruwan Tanki, Ta Kuma Kula Da Sumo

A gidan da ke da burtsatse da tanki a sama, abu biyu ne ke yawan faruwa. Ko dai a kawo wuta ƙarfe biyun dare, a kunna sumo, barci ya kwashe wanda ya kunna, da asuba a tarar ruwa na ta zuba daga saman tanki, ya cika tsakar gida har ya jiƙa gindin katanga. Ko kuma a buɗe famfo za a yi alwala, ya yi huci ya yi shiru, alhali jiya wuni aka yi da wuta, ba wanda ya san tankin ya yi ƙasa. Duka biyun sun same mu a gida, shi ya sa na zauna na haɗa 'yar na'urar da zan yi bayaninta a nan. Ba aiki ne mai wuya ba, ko ba ka taɓa rubuta manhaja ba za ka iya. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka bar ta ta taɓa sumo sai ta yi kwanaki tana auna ruwa kawai, kai kuma kana binta da tef kana tabbatar da abin da take faɗa.

Kayan da za ka tanada

Ƙwaƙwalwar aikin ita ce ESP32, ɗan allo ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016. Na fifita shi a kan Arduino Uno, wani allo makamancinsa, saboda yana zuwa da Wi-Fi a jikinsa, ka iya duba ruwan tankinka daga waya kana kwance a ɗaki. Amma manhajar da za ka yi rubutu da ita ta Arduino ce, kyauta ake sauke ta. Shi Arduino a garin Ivrea na Italiya aka faro shi a 2005, domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba ne su iya haɗa na'urori, kuma har yau sauƙinsa na nan.

Sai sensa mai auna nisa da sauti. Iri biyu za ka gani. Akwai HC-SR04, mai idanu biyu kamar na mujiya, shi ne mafi arha, kuma shi ake koyo da shi. Kada ka sa shi a tanki. Tururin ruwa zai cinye shi, cikin 'yan makonni za ka ga kore-kore a jikin allonsa. Nemi JSN-SR04T, wanda kansa a rufe yake ruf kamar sensar bayan mota, yana da waya mai tsawon kusan mita biyu da rabi da ta haɗa kan da allonsa.

Ragowar kayan: rizisto (ɗan abin da ke rage wutar da ke bi ta cikinsa) guda uku masu ƙarfin 1k, allon gwaji mai ramuka da 'yan wayoyinsa, rile (ƙaramin makunnin da allo ke kunnawa da kashewa) mai tashar guda ɗaya na bolt 5, kontakta (babban makunnin da ke ɗaukar wutar inji), fulot irin na tanki (makunnin da ke yawo a kan ruwa, ya katse wuta in ruwa ya cika), ƙaramin allon LM2596 mai rage bolt 12 zuwa 5, wayar intanet ta Cat6, akwatin roba mai murfi irin na masu wayarin, da mitar auna bolt. Kontakta, fulot da akwati za ka same su wurin masu kayan wuta, a Kano ka leƙa Sabon Gari. ESP32 da sensa yawanci sai an yi oda, don haka sayi bibbiyu. Wanda ya taɓa ƙona allo ranar Asabar da yamma, ya zauna jiran wani na mako uku, ya san dalili.

Mataki na farko: ka sa allon ya yi magana

Sauke Arduino IDE a kwamfuta, ka shiga wurin ƙara alluna ka nemi esp32 na Espressif ka girka. Jona allon da wayar USB. Idan kwamfuta ba ta gan shi ba, kafin ka zargi allon canza wayar, domin yawancin wayoyin cajin da ke yawo a gida wuta kaɗai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayanai. Idan ka canza har yanzu shiru, juya allon ka karanta abin da ke rubuce a kan ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB. Za ka ga CH340 ko CP2102, sai ka sauke direbansa. Wasu allunan kuma sai ka danne maɓallin BOOT lokacin da ake tura musu manhaja.

Mataki na biyu: haɗa sensa a kan tebur

Allon sensar yana da ƙafafu huɗu: 5V, GND, TRIG da ECHO. Na farko ya tafi ƙafar ESP32 mai bolt 5, wadda a wasu allunan aka rubuta mata VIN. GND ya haɗu da GND. TRIG ya tafi ƙafa ta 25.

ECHO ne ke buƙatar kulawa. Sensar tana mayar da amsa da bolt 5, shi kuwa ESP32 ƙafafunsa na bolt 3.3 ne. In ka haɗa kai tsaye zai iya yin aiki yau da gobe, amma kana cin ƙafar ne a hankali. Sa rizisto ɗaya tsakanin ECHO da ƙafa ta 26, sannan daga ƙafa ta 26 ka jera sauran biyun, ɗaya na bin ɗaya, zuwa GND. Hakan zai raba wutar gida uku, ƙafar ta sami kashi biyu, wato kusan bolt 3.3. Ka kuma guji ƙafafu na 6 zuwa 11, na ma'ajiyar allon ne, da 0, 2, 12 da 15 waɗanda allon ke dubawa lokacin da yake tashi.

Ga yadda awon yake. Sensar tana sakin sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji. Sautin ya doki fuskar ruwa ya dawo, kamar yadda muryarka ke dawo maka in ka yi magana a bakin rijiya. Abin da ake aunawa shi ne tsawon lokacin zuwa da dawowar, da ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

```
const int TRIG = 25;
const int ECHO = 26;

float aunaNisa() {
  digitalWrite(TRIG, LOW);
  delayMicroseconds(5);
  digitalWrite(TRIG, HIGH);
  delayMicroseconds(20);
  digitalWrite(TRIG, LOW);
  long lokaci = pulseIn(ECHO, HIGH, 30000);
  if (lokaci == 0) return -1;
  return lokaci / 57.0;
}

void setup() {
  Serial.begin(115200);
  pinMode(TRIG, OUTPUT);
  pinMode(ECHO, INPUT);
}

void loop() {
  Serial.println(aunaNisa());
  delay(1000);
}
```

Tura wannan, ka buɗe Serial Monitor, tagar da ke cikin Arduino IDE mai nuna abin da allon ke faɗa, ka saita shi a 115200, ka nuna kan sensar ga bango. Lambobi za su fara sauka, kowace daƙiƙa ɗaya. Matsa baya, lambar ta hau. Matso, ta sauka. Ɗauko tef ka gwada.

A kusan duk darasin da za ka gani a intanet, da 58 ake rabawa. Ni na sa 57, kuma ga dalili. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20, daga nan aka samo 58. Amma duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, gudun na ƙaruwa da kusan mita 0.6. Iskar da ke cikin baƙin tankin roba a watan Afrilu, rana na dukansa tun hantsi, ba ta da alaƙa da digiri 20. A digiri 40 gudun ya kai kusan mita 355, sai nisan santimita 100 ya fito maka kamar 97. A tanki mai faɗin santimita 110, kowane santimita ɗaya na tsayi lita tara da rabi ne, ka ga kuskuren ya kusa lita talatin. Shi 57 ya yi daidai da digiri 30, tsaka-tsaki ke nan tsakanin sanyin dare da zafin rana. Ba zai kawar da kuskuren duka ba, amma zai rage shi zuwa abin da ba zai dame ka ba.

Lura kuma da layin da ke mayar da -1. Idan amsa ba ta dawo ba, ko waya ta tsinke, ko sensa ta mutu, sifili ake samu. In ka bar sifilin ya shiga lissafi, na'urar za ta ɗauka ruwa ya taɓo sensa, ta ce maka tanki cike yake alhali ba ko ɗigo. Dole "ban ji komai ba" ya zama amsa daban, mai zaman kanta.

Mataki na uku: hawa kan tanki

Nan ne aikin yake. JSN-SR04T ba ta ganin abin da ya matso ta fiye da santimita 20 zuwa 25, don haka ka tabbata ko tanki ya cika maƙil akwai tazarar santimita 30 tsakaninta da ruwa. Huda murfin tankin daidai girman kan sensar, ka zaunar da ita tana kallon ƙasa sak. In ta karkace, sautin zai doki bango ya dawo da ƙarya. Nisanta ta da bangon tanki, da bututun da ruwa ke shigowa, da igiyar fulot, domin sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, duk abin da ya fara tarewa shi za a auna.

Kada ka ƙara wa wayar sensar tsawo. Siginar da ke bi ta cikinta ba ta da ƙarfi, ƙari kaɗan zai lalata ta. Maimakon haka, kai ESP32 ɗin sama kusa da tanki, cikin akwatin roba, ka ɗaure shi a ƙarƙashin dandamalin tankin inda rana ba ta bugu. Wayoyi su shiga ta ƙasan akwatin don kada ruwan sama ya bi su ciki, ka toshe ramin da silikon. In ka bar kafa ko ta shigar tsinke ce, tururuwa za su tare a ciki, zanzaro ma ya yi gininsa a kan allo.

Wutar da za ta kai sama kuwa, kada ka tura bolt 5 ta doguwar waya, kafin ya isa ya ragu, allon ya yi ta mutuwa yana tashi duk lokacin da Wi-Fi ya ja wuta. Tura bolt 12 ta cikin Cat6, daga adafta ko daga batirin sola in kana da shi, sai LM2596 ya rage shi a can sama. Kafin ka jona ESP32, ɗora mita a bakin fitar LM2596, ka juya ɗan sukurun da ke jikinsa har ka ga bolt 5 daidai. Daga shago ba a saite yake zuwa ba, mutane da yawa a nan suke ƙona allonsu na farko.

Yanzu awo biyu za ka yi da tef: daga fuskar sensa zuwa bakin bututun da ruwa ke fita a ƙasa, da kuma daga fuskar sensa zuwa inda kake so a ce ya cika. A ce na farko 150 ne, na biyu 30. Lissafin shi ne ka cire nisan da aka auna daga 150, ka raba da 120, ka ninka da 100. In sensa ta ce 90, ruwa na rabi ke nan. Ka lura na ce bakin bututu, ban ce gindin tanki ba, domin ruwan da ke ƙasa da bututun ba ya zuwa famfo.

Mataki na huɗu: tace ƙarya daga gaskiya

Da ka fara kallon lambobin daga tanki za ka ga ba su da natsuwar da suka yi a kan tebur. Za ka ga 84, 84, 85, sai kwatsam 23, sai a koma 84. Lokacin da sumo ke zuba ruwa abin ya fi muni, saboda fuskar ruwan na tangaɗi. Kada ka tara su ka raba, domin 23 ɗin nan guda ɗaya zai ja sakamakon ƙasa. Yi awo tara, da hutun kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a tsakaninsu, ka zubar da duk -1, ka jera sauran daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Bare ko ya shigo, a gefe zai tsaya. In fiye da rabin awon -1 ne, a ɗauka sensa ta sami matsala.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai kwana huɗu. Da rana komai lafiya, amma daga wajen ƙarfe ukun dare zuwa fitowar rana sai na'urar ta nace a kan lamba ɗaya, 21, ko da ruwa na ƙasa. Na canza waya, na sake duba manhaja layi-layi, ban ga komai ba. A rana ta biyar bayan sallar asuba na ɗauki tocila na hau tsani, na ɗaga murfin a hankali na juya shi. Sai ga ɗigon ruwa guda, kamar ƙwayar gero, yana reto a tsakiyar fuskar sensar. Ruwan da ya sha rana yana fitar da tururi, da dare murfi ya yi sanyi, tururin ya zama raɓa. Na goge shi da gefen riga, nan take lambar ta koma 97. Maganin da na yi shi ne na buɗe wa tankin ƙaramar kafar shan iska a gefen murfi, na rufe ta da ragar sauro, na kuma koya wa manhajar cewa duk awon da ya gaza 25 ba awo ba ne, matsala ce.

Irin wannan ne ya sa na ce a bar ta tana awo kawai. Ba ta mako biyu. Sa ta riƙa nuna lambar a waya: a cikin misalan da ke zuwa da esp32 akwai na WebServer, ka sa masa sunan Wi-Fi ɗinka da kalmar sirri, ka sa ya nuna kashin ruwa a shafi. ESP32 na kama Wi-Fi mai 2.4GHz ne kaɗai, in na'urar intanet ɗinka na kan 5GHz ba zai gan ta ba. Safe da yamma ka duba wayar, ka hau ka zura tef, ka rubuta biyun a littafi tare da lokaci. A wurin aiki ma haka muke yi wa duk sabon abin awo kafin a ba shi iko da wani inji, kuma ban ga dalilin da zai sa sumon gida, da aka sha wuya kafin a saya, ya sami ƙasa da haka ba.

Mataki na biyar: ba ta ikon sumo

Daga nan an shiga wutar bolt 230, wadda ke kisa. In ba sana'arka ba ce, kira mai wayarin ya yi wannan ɓangaren, kai ka tsaya kana nuna masa abin da kake so. Ni da na kira namu, cewa na yi: "Malam, ga abin da nake so: wutar kwayil ɗin kontakta ta bi ta fulot tukuna, sannan ta bi ta wannan ɗan rile." Ya duba ya ce, "Injiniya, ai fulot kaɗai ya isa." Gaskiyarsa ta wani fannin, fulot na hana ambaliya. Amma ba ya gaya maka ruwa nawa ya rage, kuma bai san burtsatse ta ƙafe ba.

Kada ka yarda sumo ya bi ta cikin ɗan rile kai tsaye, ko da an rubuta 10A a jikinsa. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, amma lokacin tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin, kuma tartsatsin da ke tashi a bakin rile na iya narkar da shi ya manne. Rilen da ya manne ba ya kashewa, ko manhaja ta ce ya kashe. Shi rile aikinsa ya kunna kwayil ɗin kontakta, wato naɗin wayar da ke jan ta ta haɗa wuta, ita kontakta ta ɗauki nauyin sumo, bireka na gabanta. A yi amfani da bakin rile mai alamar NO, wanda a buɗe yake sai an umarce shi, domin in ESP32 ya mutu sumo ya tsaya. Fulot kuma ya zauna sama kaɗan da inda manhaja ke kashewa. Shi ne mai gadin ƙarshe, ba ruwansa da manhaja. A ƙara makunnin hannu da zai tsallake rile amma ba zai tsallake fulot ba, don ranar da ka yi tafiya na'urar ta ƙi, mutanen gida su iya cika tanki ba sai sun kira ka ba.

Rilen ya zauna ƙasa kusa da kontakta, siginarsa ta sauko daga ƙafa ta 27 ta cikin Cat6. Yawancin waɗannan rile suna kunnuwa ne idan an ba su LOW, wato idan ƙafar ta sauka zuwa bolt sifili, don haka gwada naka da ƙwan fitila kafin a haɗa da sumo. In ka ga ESP32 na sake tashi duk lokacin da kontakta ta buga, a sa mata sinoba, wato rizisto da kafasito da ake sayarwa a haɗe, a kan kwayil ɗin.

Dokokin da za ka rubuta wa manhajar guda biyar ne, kuma kowacce akwai ɓarnar da take karewa. Ta kunna idan ruwa ya sauka zuwa kashi 30, ta kashe a kashi 90. Tazarar nan ita ke hana sumo kunnuwa da mutuwa kowane minti, abin da ke gajiyar da shi. Idan an kawo wuta ta jira minti uku, domin sau da yawa ana kawowa a ɗauke a sake kawowa, kuma wutar farko ba ta da tabbas. Idan awo ya nuna matsala, ta kashe. Idan sumo ya yi minti goma yana aiki ruwa bai hau ko santimita biyu ba, ta kashe ta ƙi sake kunnawa sai mutum ya zo ya duba. Wannan ita ce ta fi kowacce daraja a wurina: a ƙarshen rani ruwan burtsatse na yin ƙasa, shi kuwa sumo ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi, in ya yi ta juyawa a bushe ƙonewa zai yi. Ta biyar, ka auna minti nawa tankinka ke ɗauka ya cika daga ƙasa, ka ƙara rubu'in wannan lokacin, ka sa ya zama iyakar da sumo ba zai wuce ba ko me sensa ta ce.

Wajen ƙirga waɗannan mintuna kada ka yi amfani da delay mai tsawo, domin muddin allon na jira ba ya awo, ba ya amsa waya. Yi amfani da millis, agogon allon da ke ƙirga lokaci tun tashinsa, ka riƙa cire lokacin farawa daga lokacin yanzu, a cikin ma'ajiyar unsigned long. Ƙirgar millis na cika ta koma sifili bayan kwana 49 da kusan sa'a 17. In da ragi ka yi lissafin, ba abin da zai faru. In kuwa tarawa ka yi kana kwatantawa, wata rana bayan mako bakwai na'urar za ta rikice ba ka san dalili ba.

Kafin ka rufe akwati, gwada kowace doka da gangan. Zare wayar sensa sumo na aiki, ka ga ko ya tsaya. Rufe bawul ɗin da ke kai ruwa tanki ba hanya ba ce ta gwada doka ta huɗu, zai takura sumo. Maimakon haka cire sumo daga kontakta, ka sa ƙwan fitila a madadinsa, ka ga ko zai mutu bayan minti goma tunda ruwa ba ya hawa. Ɗaga fulot da hannu ka ji ko kontakta ta saki. Kashe bireka ka mayar, ka duba agogo.

Sannan ka zana yadda wayoyin suka tafi a takarda, ka rubuta lambobin nan biyu na tankinka, da ranar da ka haɗa, ka sa a leda ka manna a cikin murfin akwatin. Manhajar kuma ka ajiye kwafinta a wani wuri ban da kwamfutarka, ko a GitHub ko ka tura wa kanka ta imel. Duk wata uku ka hau ka goge fuskar sensar da tsumma mai laushi, ka duba silikon ɗin bakin akwati, musamman bayan hunturu da kuma kafin saukar damina.